Me ya sa kayan waje ke doke namu a farashi?

Tambaya: Malam, ina da shagon ɗinki a Nima, nan Akra, da tela goma sha biyu. Rigar makaranta da aka ɗinko daga Sin ta fi tawa araha, alhali ta ƙetaro teku. Wani ya ce mini rashin iya tafiyar da kasuwanci ne. Ana auna wannan tsakanin ƙasashe kuwa?

Amsa: Ana aunawa, Alhaji. Masana tattalin arziki biyu, Nicholas Bloom da John Van Reenen, suka fito da ma'aunin a 2007. Sukan yi hira da manajojin masana'antu kan abubuwa 18, kowanne su ba shi maki daga 1 zuwa 5. Tambayoyin ba na boko ba ne can: ka san nawa kuka samar jiya? In na'ura ta tsaya, wa ke rubutawa? Ma'aikacin da ya fi ƙwazo ake ɗagawa, ko ɗan uwan mai gida? Amurka da Japan da Jamus suna sama. Gana da wasu ƙasashen Afirka da aka auna suna can ƙasa.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. A kowace ƙasa akwai gwanaye, akwai 'yan sakaci. Bambancin shi ne, inda gasa ta yi zafi, mai sakaci ba ya daɗewa a kasuwa. Sun kuma gano kamfanin da aka miƙa wa babban ɗa don shi ne babba kawai yakan samu ƙaramin maki. Mu mutanen zango mun san wannan labarin tun kafin a rubuta shi.

A Indiya an gwada abin a masaƙu kusa da Mumbai. Aka koya musu rubuta lahanin yadi kullum, da jera zare a sito, da gyaran inji kafin ya lalace. Cikin shekara guda abin da suke samarwa, in an auna shi da ma'aikata da jarin da suka zuba, ya ƙaru da kashi 17 cikin 100. Amma a nan Akra, da aka haɗa teloli da ƙwararrun masu ba da shawara, sun fara rubuta lissafi na ɗan lokaci, sannan suka koma gidan jiya, riba kuwa ba ta ƙaru ba. Koyo ba wuya, riƙewa ce aikin.

Mai maganar nan taka dai rabin gaskiya ya faɗa. Dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, da faɗuwar sidi, kuɗin Gana, irin ta 2022, da kuɗin ruwan banki, duk ba daga teburinka suka fito ba, kuma mai ɗinka riga dubbai a rana dole ya fi ka araha.

Ga wanda ke hannunka. Sayi littafi, ka ajiye kusa da teburin yanka. Kowace yamma a rubuta yadi nawa aka yanka, riga nawa ta fita, nawa aka warware aka sake ɗinkawa, kuma keken wa ya tsaya. Ran Asabar ka zauna da yaranka ku duba tare. In an yi wata uku ba a tsallake rana ba, ka sake rubuto mini da lambobin, mu ga inda yadin ke zurarewa.