Arba'in da ta koma ashirin

Sagiru, na ga saƙonka na tsakar dare. Kana so kwamfutarka ta riƙa sauko da fayil daga babbar kwamfutar IBM ta allon 3270, wato tagar rubutu da ake magana da babbar ta cikinta, ita kaɗai, ba sai ka zauna kana danne-danne ba. Ka kuma ce wanda ka sauko da shi da binary, wato yadda yake ba tare da an juya komai ba, ya buɗe kamar rubutun aljanu, don haka za ka mai da shi ascii, wato a juya shi zuwa tsarin haruffan ƙananan kwamfutoci, "don ya karantu". Ba don wannan maganar ba da sai mun haɗu Lahadi a kasuwar Gujungu zan amsa maka.

Yadda ake shiga TSO, wurin ba babbar kwamfutar umarni, ba zan ɓata yawuna a kai ba, shekara biyu kana riƙe min jaka. Ka ɗauki s3270, ɗan'uwan x3270 ne, manhajar da ke kwaikwayon allon 3270, amma ba ya nuna allo, umarni kawai yake karɓa. Bayan kowane Enter ka sa Wait, domin muddin babbar ba ta gama amsawa ba madannin a kulle suke, abin da ka tura ya bi iska. Kada in ga ka rubuta a jira sakan biyar. Da intanet ɗinmu na ƙauye, biyar ɗin yau talatin ce gobe. Sai READY, alamar TSO ta shirya, ta fito za ka kira Transfer, shi kuma ya tashi IND$FILE, manhajar tura fayil da ke can cikin babbar.

Yanzu zauna ka ji. Akwai kamfanin da na yi wa wannan aikin, ba zan kira sunansa ba, suna sayen riɗi a hannun manoma daga Gumel har Maigatari. Kullum da asuba umarnina ya sauko da fayil ɗin biyan kuɗi, wata manhajar ta karanta, a tura wa mutane haƙƙinsu. Wata bakwai ko tari. Sai suka ɗauko wani yaro mai sabon digiri da wayoyi biyu. Ya buɗe fayil ya ga tarkace, ya goge binary ya rubuta ascii. Ni kuwa ina gona muna yankan gero.

Abin da bai sani ba, babbar kwamfuta da nata tsarin haruffan, EBCDIC, take rubutu, kuɗin kuma a dunƙule COBOL, harshen da ake rubuta manhajojinta da shi, ke ajiye shi, wato COMP-3: lamba biyu a bayit ɗaya, alamar C (ƙari) ko D (ragi) a wutsiya. Naira 40,000 da gurbin kwabo takan zauna 00 40 00 00 0C. To a EBCDIC 40 tazara ce tsakanin kalmomi, a ASCII kuwa tazara 20 ce. Mai juyawa bai san kuɗi ba ne, ya ga 40 ya sa 20. Sauran bayit huɗun ba su motsa ba, manhaja ta karanta 20,000 lafiya lau, ko ƙorafi ba ta yi ba. Da duka ya lalace ai da an farga tun safe.

Har ƙofar gida wani dattijo ya same ni da rasit a ninke cikin hula, yana cewa, "Malam, an ce injinka ne ya cinye min rabi." Ni da ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba! Na je ofishinsu na nuna musu layin da aka taɓa da ranar da aka taɓa shi. Manajan ya ce ai sunana ne a kwangila. Ashe yaron ɗan 'yar'uwarsa ne. Suka riƙe min kuɗin wata uku, sai da na sayar da shanun huɗata biyu na biya bashin sola. Har yau in na ga motarsu a hanyar Ringim sai na kau da kai.

Ku yaran yanzu abin da bai yi kyau a ido ba a wurinku ya lalace. Fayil mai COMP-3 da binary ake sauko da shi, ka karɓi tsarin filayensa, wato gurbin kowane bayani, daga masu COBOL, ka warware shi a naka ɓangaren fili-fili. Rahoto na zallar rubutu ne kaɗai ake ja da ascii. Sannan ka haɗa jimillar kuɗin ka gwada da ta can kafin ko sisi ya fita.

In za ka zo Lahadi ka taho min da cajata da ka ara tun kafin Sallah.