Mun riga mun yi masa sutura, kes ɗin ya lalace ke nan?

Malam, Allah ya jiƙan ƙanenka, ya ba ku haƙuri. Yadda na fahimci saƙonka, faɗa aka yi a Rigasa aka buga masa itace a ka, bayan kwana biyar ya rasu a asibiti, 'yan sanda suka ce a yi binciken gawa kuka ƙi, kuka kai shi makwancinsa a ranar. Yanzu kana cewa ai mutane sun gani da idonsu, me kuma ake nema.

To nan ne gizo ke saƙar. Shaidu za su iya cewa sun ga an dake shi, amma ba za su iya rantsewa dukan ne ya kashe shi ba, kuma wannan ɗin kotu take so a tabbatar mata. Da nan take ya faɗi ya mutu da sauƙi, kotuna kan karɓi hakan ko babu takardar likita. Amma kwana biyar? Lauyan wanda ya yi dukan zai ce hawan jini ne ko sakacin asibiti, in kokwanto ya shiga kuwa wanda ake tuhuma ne ke cin riba. Likitan binciken gawa shi ke ganin ko ƙashin kai ya tsage, ko jini ya taru a ƙwaƙwalwa.

Kuma ka daina cewa kes ɗinku ne. Kisa laifi ne da gwamnati ke tuhuma, fayil zai je wajen DPP, wato daraktan gabatar da ƙararraki na gwamnati, a ma'aikatar shari'a, sannan majistare mai hurumin binciken mace-mace na iya umartar a duba gawa ko a tono ta ko dangi ba su so. Ni dai ban cika son tonon ba, da zafin nan namu abin da za a samu ya danganta, banda ƙashi.

Ban ga fayil ɗin ba, saboda haka ba zan yi maka alkawari ba, amma folda ɗinsa na asibiti da hoton kai in an ɗauka da likitan da ya duba shi za su iya cike giɓin. A sa ɗan sandan da ke riƙe da kes ya nema a rubuce, tun kafin a ce ba a gani ba.

Su kuma dangin wancan da ke turo dattawa yanzu, bayan ko gaisuwa ba su zo ba, a saurare su dai. Maganar diyya da sulhu ba laifi ba ce, ni ma ita zan fi karkata, sai dai ba ta rufe tuhumar kisa da kanta. Kar ka sa hannu a kowace takarda sai lauya ya karanta.