Shin wanke Bill Cosby aka yi?

Tambaya: Malam, na ji an saki Bill Cosby, ɗan wasan barkwancin nan na Amurka, bayan kotu ta same shi da laifin yi wa wata mata lalata ba da yardarta ba. Wanke shi aka yi ke nan? — Wata mai karatu

Amsa: 'Yar'uwa, ba wanke shi aka yi ba. A 2005 mai gabatar da ƙara, Bruce Castor, ya sanar cewa ba zai gurfanar da shi ba. A dokar Amurka mutum na iya yin shiru idan bakinsa zai kai shi kurkuku. Da barazanar ta kau, dole Cosby ya amsa tambayoyi bisa rantsuwa a ƙarar neman diyya da matar ta shigar, har ya ce ya taɓa samo ƙwayoyin sa maye don bai wa mata. Da wannan furucin aka kafa masa hujja, aka ɗaure shi a 2018. A 2021 Kotun Ƙolin jihar Pennsylvania ta ce hukuma ba za ta yi alkawari sannan ta ci moriyar saɓa shi ba, ta soke hukuncin, ta hana sake shari'ar.

Ni Castor nake zargi. Alkawari mai nauyin haka, babu yarjejeniya a rubuce, sai sanarwa ga 'yan jarida!