Jiri, Kunne da Gwajin Lantarki: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, idan na miƙe da sauri sai in ga duhu-duhu. Kunne ne?

Amsa: Da wuya, Malam. Yawanci jini ne ke sauka na ɗan lokaci. Riƙa tashi a hankali, ka sha ruwa, kuma ka je a auna ka.

Tambaya: Hajiyarmu na fama da hajijiya. Yayana da ke Jamus ya ce akwai gwajin da ake sa wa mutum lantarki a bayan kunne. Ba ya taɓa ƙwaƙwalwa?

Amsa: Akwai shi, Malama, kuma ba ya lahanta ƙwaƙwalwa. Can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu ruwa, da jijiyar da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin yadda kai yake. Sai a manna 'yan faifai biyu a ƙashin bayan kunnuwa, a saki wuta 'yar mitsitsiya, miliyamfa 1 ko 2. Mutum zai ji ya karkata gefe, idanunsa su motsa, likita ya auna. Jijiyar ce wutar take tayarwa kai tsaye. Don haka idan an yi wani gwajin da ake zuba wa kunne ruwa mai zafin digiri 44 da mai 30, kunnen bai amsa ba, amma ya amsa wa lantarki, an gane jijiyar lafiya take, matsalar a cikin kunnen take. Tun 1820 wani masanin kimiyya mai suna Purkinje ya yi bayanin jirin da lantarki ke jawowa, amma har yau gwajin ya fi yawa a cibiyoyin bincike. Ku fara kai Hajiya wurin likitan kunne, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Sau da yawa wasu 'yan tsakuwoyi da kowa ke da su can cikin kunne ne suka goce, ana kuma mayar da su ta hanyar jujjuya kai. Kada kowa ya gwada batir a gida.

Tambaya: Mijina ya sha allurar gentamicin a kemis, yanzu yana tangaɗi kamar mashayi. Maƙwabta sun ce iska ce, a ɗiga masa ruwan albasa a kunne.

Amsa: Haba! Wace iska? Baiwar Allah, wannan ce tambayar da ta tayar mini da hankali. Gentamicin na kashe ƙananan ƙwayoyin cikin kunne da ke riƙe wa mutum daidaito, kuma waɗanda suka mutu ba safai suke dawowa ba. Mai irin wannan ya fi shan wahala cikin duhu, idan yana tafiya sai ya ga komai na rawa. A tsayar da allurar yau, ba gobe ba, a kai shi asibiti a duba har ƙodarsa, don ita ma maganin na taɓa ta. Albasa kuwa ba ta isa inda ciwon yake. Idan dodon kunne ya huje, sai ta ƙara masa wani. Akwai motsa jiki na musamman da ke koya wa ƙwaƙwalwa dogara da ido da ƙafa. Idan kuma kika ga baki ya karkace, magana ta sarƙe, ko yana ganin abu biyu-biyu, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, ku tafi asibiti ko tsakar dare ne.