Kun Tambaya: Shin 'yan matan nan masu dara-daran idanu sun cinye katun ɗin Japan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Ni ɗalibi ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, kuma na daɗe ina kallon katun ɗin Japan, wato anime. Duk sanda na je wurin mai tura finafinai a Kasuwar Barci na ce ya zuba min sababbi, sai in tarar rabinsu 'yan mata ne 'yan makaranta masu dara-daran idanu da siririyar murya, suna shan shayi suna hira, ba faɗa, ba wani labarin kirki. Yayana ya ce a da ba haka abin yake ba, wai wannan yayin ne ya kashe sauran. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu, Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka gaida min yayan naka. Ka ce masa abin da ya gani ya gani, an yi asara, amma ya bar jaki yana dukan taiki.

Idanun nan ba sabon abu ba ne. Tun Astro Boy na Osamu Tezuka, wanda aka fara nunawa a talabijin ɗin Japan a 1963, haka ake zana su, kuma shi Tezuka bai taɓa ɓoye cewa ya sha kallon katun ɗin Disney ba.  Mu da muka taso muna zaune a gaban akwatin talabijin muna jiran NTA ta buɗe tasha da yamma don mu ga Voltron, ashe katun ɗin Japan muke kallo ba mu sani ba. Kamfanin Toei ne ya yi shi a 1981 da sunan GoLion, Amurkawa suka yanke suka sake masa murya a 1984. Je ka duba gimbiyar da ke ciki, ka faɗa min ko idanunta ƙanana ne.

Abin da ya sauya shi ne lokacin da ake nuna shirin da kuma aljihun da ke biyan kuɗinsa. Bayan katun ɗin Evangelion ya yi tashe a 1995, zuwa ƙarshen shekarun 1990 shirye-shirye da yawa sun koma tsakar dare, lokacin da yara suka yi barci. Akasari kwamiti ne ke haɗa jari: mai buga littafin da aka ɗauko labarin, kamfanin waƙa, mai buga faifai, mai ƙera 'yan tsana. Su ne ma ke sayen filin daga gidan talabijin, domin a wurinsu shirin talla ne. Ribar tana wajen faifai, faifan kuma tsada gare su, kashi biyu ko uku kacal a kan guda. Saboda haka ba a buƙatar miliyoyin masu kallo. 'Yan dubbai sun isa, in dai za su saki kuɗi. To wa zai sayi faifai mai tsada na shirin da ya riga ya kalla kyauta? Wanda wata daga cikin taurarin ta shiga ransa, yana son hotonta a bango da 'yar tsanarta a kan tebur. Wannan shaƙuwar ce Japanawa ke kira moe, kuma da 'yan kasuwa suka gane tana kawo kuɗi, sai aka dinga zana fuska don ita.

Mun ga irin wannan a Kannywood lokacin da 'yan kasuwar faifai ke riƙe da wuyan masu shirya fim: ko labarin na zaman makoki ne sai an cusa waƙa da rawa, don ita ke sayar da kaya.

Kamfanin Kyoto Animation ne ya kai abin ƙololuwa, da Haruhi Suzumiya a 2006, Lucky Star a 2007, sai K-On! a 2009, labarin 'yan mata masu ƙungiyar kiɗa a makaranta waɗanda shan shayi da cin kek ya fi kiɗan yawa a rayuwarsu. Ina jin irinsa ka tarar a wayarka. Faifansa ya yi kasuwa sosai, kowa ya ce shi ma sai ya yi nasa, mafi yawansu kuma ba su da hannun Kyoto wajen zane.

Inda nake bayan yayanka shi ne maganar fuska da shekaru. Ka ɗauki Monster na 2004, kashi 74, labarin likitan ƙwaƙwalwa ɗan Japan da ke aiki a Jamus, ya ceci ran wani yaro, yaron ya girma ya zama makashi. Mutanen ciki suna da hanci, da sanƙo, da tumbi, da tamoji a goshi. Kana ganin mutum ka san ya sha duniya. Haka Cowboy Bebop na 1998, manya ne masu bashi da nadama. Yau zango ɗaya kashi 12 ne ko 13, kuma da wuya kwamiti ya yarda ya zuba kuɗi a kan dattijo mai sanƙo, tunda ba wanda zai sayi 'yar tsanarsa. Wannan asara ce ta gaske, ni ma tana min ciwo. Sai dai wasu abubuwan sun mutu tun kafin a haifi K-On!. Jerin nan na World Masterpiece Theater, mai mayar da littattafan yara na duniya katun don iyali su kalla ranar Lahadi da yamma, ya tsaya a 1997. Masu kallo ne suka ragu, ga haihuwa ta ja baya a Japan. Ba wata mai dara-daran idanu da ta taɓa shi.

Ta fuskar abin da ake ba da labari a kai kuwa, ni a ganina ƙaruwa ma aka samu. Masu shiryawa sun gano cewa in dai ka sa 'yan matan a gaba, kwamiti zai bar ka ka yi magana a kan kusan komai. Girls und Panzer na 2012 a kan tankokin yaƙi ne, har garin Oarai da aka zana a ciki ya koma wurin ziyarar masoyan shirin. A Place Further than the Universe na 2018 tafiya ce zuwa Antatika, ta yarinyar da mahaifiyarta ta ɓace a can. Bocchi the Rock! na 2022 a kan mai kaɗa jita ce da tsoron mutane ya hana ta sakat. Akwai Laid-Back Camp, shi ma na 2018. A kashin farko yarinya ce ita kaɗai a bakin tafki kusa da Dutsen Fuji cikin hunturu. Ta kafa tanti, ta tsinto busassun 'ya'yan itace ta haɗa wuta, ta tafasa ruwa ta zuba wa taliyar nan da ake sayarwa a cikin kofi. Kusan shi ke nan, amma na kalle shi cikin sanyin Janairu a Kaduna ban ko taɓa wayata ba. Matsalata da su ɗaya ce: duk ta ƙofar makarantar sakandare ake shiga. Me zai hana mai tantin ta zama bazawara 'yar shekara arba'in?

Kuɗin ma ya riga ya sake hanya. Kasuwar faifai ta ja baya, kallo ta intanet ya karɓe, Sony ta sayi shafin kallon anime na Crunchyroll a 2021, Netflix ma na zuba jari, kuma masu kallo na waje sun fi son takobi da jini. Attack on Titan ya fito a 2013, Vinland Saga a 2019. Fim ɗin Demon Slayer na 2020 ya tara sama da yen biliyan 40 a Japan, ya ture Spirited Away na Hayao Miyazaki daga matsayin da ya riƙe tun 2001.

In kana neman wanda ya cika kasuwa da maimaici a yau, duba isekai: saurayi marar aikin yi, mota ta buge shi, ya farka a wata duniyar ya fi kowa ƙarfi, mata na rububinsa. Da yawansu daga shafin Shosetsuka ni Naro ake kwaso su, inda kowa ke iya rubuta labarinsa ya ɗora. Ka kalli uku, ka kalli talatin.

Shi kuma mutuminka na Kasuwar Barci, abin da aka fi tambaya yake saukewa, datarsa ba ta sadaka ba ce. Kada ka ce masa "zuba min sababbi". Je masa da suna a takarda: Pluto na 2023, Golden Kamuy na 2018 wanda ke nuna rayuwar ƙabilar Ainu a Hokkaido bayan yaƙin Rasha da Japan, da Odd Taxi na 2021, labarin direban tasi ɗan shekara 41.

Tambaya: 'Yata 'yar shekara tara tana kallon irin waɗannan a wayata. Na ga zanen na yara ne shi ya sa na ƙyale ta. Akwai matsala? Daga wata uwa, Unguwar Dosa.

Amsa: Hajiya, akwai. Kada zanen ya ruɗe ki, da yawansu don manya aka yi su, shi ya sa ake nuna su da tsakar dare a can. Madoka Magica na 2011 ya fara kamar wasan 'yar tsana, a kashi na uku dodo ya cinye ɗaya daga cikin 'yan matan. Made in Abyss na 2017 yara ne ƙanana a hoton, amma azabar da ke ciki ko babba sai ya kau da kai. Wasu kuma ba jini, sai dai shigar banza da raha irin ta manya. Ki nema mata Heidi na 1974, ko Captain Tsubasa, wanda masu kallon tashoshin Larabawa ta dish suka sani da Kyaftin Majid. Duk wani sabo kuwa, ki fara kallon kashi uku na farko da kanki, ki tsallaka ki leƙa ɗaya daga tsakiya, kafin ki miƙa mata wayar.