Ɗan tsanana na magana, leɓɓana na motsi: ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina son in riƙa yin wasan barkwanci ni kaɗai a bukukuwa da makarantu, da ɗan tsana irin wanda ake zura wa hannu ta baya. Wata biyu ke nan ina gwaji gaban madubi, amma da ya zo kan "baba" ko "mama" sai bakina ya tona min asiri.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Duk mai wannan sana'a ta nan ya bi. Sunanta na Turanci, ventriloquism, daga Latin ya fito, ma'anarsa magana daga ciki, amma muryar daga maƙogwaro take kamar ta kowa. Harshe ne ke karɓar aikin leɓɓa.

A Hausa sautukan da ke neman leɓe biyar ne: b, ɓ, m, f da w. Buɗe baki kaɗan, haƙora kusa da juna, kamar mai ɗan murmushi. Sa d a gurbin b, ɗ a gurbin ɓ, n a gurbin m, ka furta su da taushi kuma da sauri. In ɗan tsana ya ce "dada" yana kallon wani dattijo, kunnen mai sauraro "baba" zai ji. Mu kuwa mun yi sa'a da f, domin Hausar Sakkwato da ta Nijar ta riga ta saba mayar da ita h. Ka ba ɗan tsananka wannan karin harshe, ka huta. Sauran dabarar a rubutu take: in kalma ta ƙi, canza ta. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Juma'a kaɗai.

Amma bari in faɗa maka abin da na fi damuwa da shi. Leɓɓa su ne ƙaramin aikin. Edgar Bergen na Amurka, kowa ya san bakinsa na motsi, kuma a rediyo ya yi suna tun daga 1937, inda ba mai ganinsa ma. Halin ɗan tsanansa, Charlie McCarthy, yaro mai tsiwa, shi mutane suka so. Darci Lynne da ta ci gasar America's Got Talent a 2017 tana da shekara 12, ita ma 'yar tsanarta, zomanya mai suna Petunia, tana da hali nata daban.

To naka wane ne? Tsoho mai rowa, ko yaro mai tambayar da ba a so? Ya zama kishiyar halinka: kai mai kunya, shi mai baki. Daga saɓaninku dariya ke fitowa, kamar dai wasan jika da kaka. Idan yana magana ka dube shi, jama'a za su bi idonka. Idan kai ke magana kada ka bar shi ya sandare, ya riƙa juya kai yana leƙen mutane.

Ka zauna da 'yan kama ka lura da yadda suke jinkirtawa kafin su saki zance. Fara da minti biyar gaban yaran gidanku, ka ɗauka a waya, ka kalla ba sauti. Duk inda idonka ya bar ɗan tsana ya koma kan bakinka, nan za ka gyara kafin ka karɓi gayyatar biki.