Tambayi Likita: Abin da suga ke yi wa jajayen ƙwayoyin jini

Tambaya: Likita, shekarata shida da ciwon suga. Duk lokacin da zan je asibiti nakan kame bakina kwana biyu, awon yatsa ya fito da kyau. Wannan karon aka yi mini gwajin HbA1c, ya nuna kashi 9. Ta ina ya san abin da na ci a watannin baya? Daga wani direba a Gusau.

Amsa: Malam, na ji daɗin gaskiyar da ka faɗa, domin ba kai kaɗai ke yin haka ba. Jar ƙwayar jini tana rayuwa kimanin kwana 120, kuma suga ba ya jiran insulin, sinadarin da ke shigar da shi wasu sassan jiki, kafin ya shige ta. Gwargwadon yawansa a jini, gwargwadon abin da ke shiga. Da ya shiga sai ya manne wa himoglobin, sinadarin da ke dakon iskar da muke shaƙa, ba ya sakinsa har ƙwayar ta mutu. Wani masani ɗan Iran, Samuel Rahbar, shi ya lura da yawan irin wannan himoglobin a jinin masu suga a 1968. Wannan himoglobin mai ɗauke da suga shi ne HbA1c da ake aunawa. Saboda haka gwajin yana ba da labarin wata biyu zuwa uku, kamun bakin kwana biyu ba ya sauya shi. Daga kashi 6.5 zuwa sama ciwon suga ne, kuma ga yawancin manya da ke shan magani muna so ya tsaya ƙasa da 7.

Abin da ya fi damuna game da kashi 9 ɗin nan shi ne tantanin da ya lulluɓe ƙwayar. Faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, amma duk da haka dole ta ratsa hanyoyin jinin da suka fi ta ƙunci, a bayan ido, a ƙoda, a yatsun ƙafa. Lanƙwashewa take yi ta wuce, sannan ta koma siffarta, kamar fatar da ta sha jima a hannun majemi. Idan suga ya daɗe yana hawa, sai ya manne wa furotin ɗin tantanin, maiƙonsa ma ya lalace. Ƙwayar ta ƙandare kamar ƙirgin da aka shanya a rana, ta riƙa maƙalewa a bangon jijiya, saifa kuma ta tsince ta tun wa'adinta bai cika ba. Wannan, haɗe da lalacewar jijiyoyin kansu, na cikin abin da ke sa ɗan ciwo a ƙafar mai suga ya rikiɗe ya zama gyambo. Don Allah ka koma wurin likitanka a sake duba maganinka, a kuma duba maka ido da ƙoda.

Tambaya: Ɗana mai sikila ne, shekararsa 19. Yana yawan fitsari da ƙishirwa, amma HbA1c ɗinsa ya fito ƙasa. In kwantar da hankalina? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya, amma kada ki dogara da wannan sakamakon. Ƙwayoyin mai sikila kwana 10 zuwa 20 suke yi su fashe, ba sa daɗewar da suga zai taru a jikinsu, ga shi ƙarin jini ma yana rikita gwajin. A auna sugansa da safe kafin ya karya. Idan ya kai 126 a ma'aunin mg/dL, wato 7.0 a mmol/L, kuma aka maimaita aka sake samu, to suga ne. Idan bai kai ba, a duba ƙodarsa, domin sikila kanta kan hana ƙoda riƙe ruwa. Kada ki hana shi shan ruwa ko kaɗan.

Tambaya: Ina da suga, an ce jinina ya yi ƙasa. Maƙwabta sun ce in riƙa haɗa malt da madara.

Amsa: Malama, kada ki sha. Suga ne fal a ciki, sinadarin ƙarfen da ke gina jini kuwa ɗan kaɗan ne. A fara gano abin da ya rage jinin. Ƙoda ce ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera sababbin ƙwayoyi, idan suga ya taɓa ta saƙon yakan yi rauni. Maganin suga na Metformin ma, in an yi shekaru ana sha, yana iya rage bitamin B12. A yi miki gwajin ƙoda, na ƙarfe da na B12, kada kuma ki daina maganinki da kanki. Kafin sakamako ya fito, ki yawaita wake, alayyafo, zogale da ɗan nama ko hanta.